MARIGAYI ABUBAKAR TAFAWA ƁALEWA: MALAMIN BAUCI DA KUƊIN JAMA'A

Duk ɗan Arewan da ya taɓa sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko ya shigo Iddo da shanu cikin taragon jirgi, ko ya ƙetare gadar Anaca da buhunan albasa, to, ya ci moriyar aikin da ya bi ta hannun marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko ya sani ko bai sani ba. An fi tunawa da shi saboda zaƙin muryarsa da kuma mummunan ƙarshen da ya gamu da shi cikin 1966. Amma akwai wani gefe na tarihinsa da ba a cika tsayawa a kai ba, watau sha'aninsa da kuɗin jama'a: inda ya san darajarsu, abin da ya gina da su, da kuma inda suka fi ƙarfinsa.

An haife shi cikin watan Disamba 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, ƙasar Lere, kudu da birnin Bauci. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba basarake ba ne, bara ne a gidan Ajiyan Bauci, hakimin ƙasar. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba sai an ba shi labarin haraji ba. Da idonsa yake ganin yadda ake bi gida gida ana ƙidaya magidanta bayan kaka, da yadda Fulani ke ƙaura da shanu cikin dare in lokacin jangali ya matso, da yadda mai unguwa ke kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni.

A birni kuwa kuɗin Baitulmali suke shiga. Can ake raba su, Gwamnati ta ɗauki nata kason, En'e ta riƙe nata. Daga kason En'e ake biyan Sarki da alƙalai da hakimai da dogarai, daga ciki ake gyaran hanya da haƙa rijiya da ciyad da 'yan makaranta. Abin da ya yi rara sai a kai ajiya, mafi yawa ma a Ingila. Ma'aji shi ke riƙe da littafi, amma ba a fid da kwabo sai Di'o ya duba, Razdan ya sa hannu. Talakan da ya sayad da akuyarsa ya biya, shi kaɗai ne ba ya ganin littafin.

Da waɗannan kuɗi Abubakar ya yi karatu. Bayan makarantar allo ya shiga elementare a garinsu, ya zarce makarantar lardi ta Bauci, daga nan sai Kwalejin Katsina cikin 1928, inda ya tarad da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato daga baya, yana gaba da shi. Ya gama cikin 1933 ya komo Makarantar Midil ta Bauci yana koyarwa, har ya zama hedimasta. A farkon shekarun nan ne ya rubuta littafinsa Shaihu Umar, wanda ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, aka buga shi tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki.

Bauci ta wancan zamani ba garin barci ba ce. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta haɗa mutum uku waɗanda kowannensu ya bar suna: Malam Sa'adu Zungur, ɗan gari, da Malam Aminu Kano, wanda aka turo koyarwa a Midil, da shi Malam Abubakar. Cikin 1943 zuwa 1944 aka yi wata ƙungiyar muhawara a garin, da yardar Turawan mulki, inda malamai da ma'aikatan En'e ke taruwa su tattauna al'amuran ƙasa. An yi ta magana a kan ilmi, da yaƙi, da mulkin sarakuna, ba a ce kome ba. Ranar da aka tayad da maganar albashin Sarki, da abin da ake dubawa kafin a yanka shi, ranar ƙungiyar ta fara ganin ƙarshenta. Ba a daɗe ba aka rufe ta. Sa'adu da Aminu suka ɗauki hanyar fito-na-fito. Abubakar kuwa mutum ne mai sanyin hali, ya fi son a gyara ɗaki ana cikinsa. Wannan bambanci shi ya raba su a siyasa har ƙarshen rayuwarsu.

Cikin 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa. Ya kamata mai karatu ya san irin Ingilar da ya tarar, don ba ita ce wadda ake kwatanta wa 'yan makaranta a Katsina ba. Ta ci yaƙi, amma aljihunta ya huje. Nama da sukari da man shanu da shayi duk da kati ake sayensu, tufafi ma haka, kuma katin attajiri daidai yake da na lebura. Burodi da ba a taɓa taƙaita shi ba duk tsawon yaƙin, shi ma an sa masa kati cikin Yuli 1946. Harajin albashi ya kai sule goma cikin kowace fam lokacin yaƙi, watau rabi cur. Amurka ta yanke taimakon da take bayarwa da zarar an daina harbi, sai da Ingila ta ciwo rancen dala miliyan 3,750 a wurinta, bashin da ba ta gama biya ba sai a watan Disamba 2006. Duk da wannan ƙunci gwamnatin Attlee ta fara ba kowace uwa sule biyar a mako saboda kowane ɗa bayan na fari, kuma tana shirin magani kyauta ga kowa, wanda aka soma cikin 1948.

Abin da ya fi kome bambanta da gida shi ne, duk waɗannan abubuwa a fili ake yinsu. Ministan Kuɗi ya tsaya gaban Majalisa ya faɗi abin da zai karɓa da abin da zai kashe, 'yan hamayya su yi masa caa, gobe jarida ta buga, matar gida ta karanta ta san ko kuɗin cefanenta zai kai mata mako. Ga kuma wani abin da ɗan Arewa ba zai kasa lura da shi ba. Man girkin da ake auna wa matan Landan da kati, da yawansa daga gyaɗar Kano da Katsina ya fito. Hukuma ce ke yanka wa manomi farashi, ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma a ajiye ta a Landan. A shekarun da suka biyo baya dalar gyaɗa ta yi ta taruwa a Kano don babu isassun jiragen ƙasa da za su kwashe ta, alhali kuwa Ingila ta zuba fiye da fam miliyan 30 a dajin Tanganyika wai za ta noma gyaɗa, aka tashi a tutar babu. Shirin raya Nijeriya na shekara goma da aka fito da shi cikin 1946, gaba ɗayansa fam miliyan 55 ne, miliyan 23 daga Ingila, saura daga aljihun ƙasar.

Da ya komo gida sai En'e ta Bauci ta ba shi aikin duba makarantu. Cikin 1946 ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, cikin 1947 kuma Majalisar Dokoki ta Ikko. A Kaduna ne, cikin watan Agusta 1950, ya yi abin da ba a taɓa zaton zai fito daga bakin mai ladabi irinsa ba. Ya kawo batu cewa a naɗa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin mulkin En'e tun daga tushe. Ya yi magana a kan cin hanci da rashawa da suka ratsa ma'aikatu, da yadda aka ɗora ikon ƙasa duka a kan mutum ɗaya, da yadda talaka ba shi da bakin magana a kan abin da ake yi da shi da dukiyarsa. Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba, wasu ma sun ɗauke shi ɗan tawaye. Amma maganar ta yi aiki. An sa Turawa biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto, aka soke tsarin Sarki shi kaɗai aka koma Sarki da majalisarsa, aka kuma yi sabuwar dokar En'e cikin 1954. Gyaran bai kai inda 'yan NEPU ke so ba, kuma haraji da jangali sun daɗe bayansa. Sai dai shi ne ya fara faɗin abin a zauren Majalisa, gaban Turawa da wakilan sarakuna.

Cikin 1952 ya zama Ministan Ayyuka a Ikko a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, daga baya aka ba shi Sufuri. Nan ya fara riƙe manyan kuɗi. A zamaninsa aka kafa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da Hukumar Jiragen Ƙasa, duka biyu suka fara aiki cikin 1955. A shekarar ya tafi Amurka ya duba yadda ake jigilar kaya a kogin Misisipi, aka kuma ɗauko gwanayen ruwa daga Holan su auna Kwara da Binuwai.

Aikin da ya fi shafar garinsu shi ne dogo. Tsofaffi za su tuna da wani ɗan siririn jirgi da ake kira da sunan Bauci, wanda ya tashi daga Zariya ya hau Jos saboda kuza. Suna kawai ya ara, bai taɓa taka birnin Bauci ba har aka rufe shi cikin 1957. Sabon dogon kuwa daga Kuru ya tashi, kusa da Jos, mil wajen 400 zuwa Maiduguri. Cikin 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, fam miliyan 10 ke nan, kuma shi ne rancen farko da Nijeriya ta karɓa daga bankin. Da yake ba a sami mulkin kai ba tukuna, Ingila ce ta tsaya jingina. Jirgi ya iso Bauci cikin 1961, Gombe 1963, Maiduguri 1964. Auduga da gyaɗa da shanun gabas suka sami hanyar teku, 'yan ci-rani kuma suka sami hanyar Kudu.

Kafin nan ya riga ya zama Firayim Minista cikin 1957, da Cif Festus Okotie-Eboh a matsayin Ministan Kuɗi. Abu biyu suka faru da sauri waɗanda har yau ƙasa na tafe a kansu. Na farko, Babban Bankin Nijeriya ya buɗe ran 1 ga Yuli 1959 ya fito da fam ta Nijeriya, aka bar kuɗin Afirka ta Yamma wanda tun 1912 a Landan ake riƙe da linzaminsa. Bature ne gwamnan bankin na farko, sai cikin 1963 Alhaji Aliyu Mai Borno ya karɓa. Na biyu, hukumar Raisman ta 1958 ta tsara rabon arziki tsakanin Tarayya da jihohi. Kuɗin ma'adinai, rabi na jihar da aka haƙo su ne, kashi 20 cikin ɗari na Tarayya, kashi 30 kuma a zuba a asusun da kowa zai samu. Man fetur kuwa a shekarar aka fara fid da shi waje. Ba a san rigimar da wannan lissafi zai haifa ba.

Bayan mulkin kai na 1960 gwamnatinsa ta fito da tsarin raya ƙasa na shekara shida, 1962 zuwa 1968, na fam miliyan 676 da ɗoriya. Manyan ayyukan ciki su ne madatsar ruwa ta Kainji, da matatar mai ta Fatakwal da aka buɗe cikin 1965, da gadar Kwara tsakanin Asaba da Anaca. Kainji ita ce uwa. Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 82 cikin 1964, Italiya da Ingila da Holan da Amurka suka ƙara, kamfanin Italiya ya yi ginin, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga ƙasashen Busa da Yawuri. Amma tsarin yana da rauni tun daga tushe: an ɗora rabin kuɗin a kan rance da taimako daga waje. Abin da ya zo bai ko kusa da haka ba. Turai ta farfaɗo sarai daga yaƙi, Jamus ta Yamma da Italiya da Faransa suna cikin wadatar da ba su taɓa gani ba, amma mai ba da rance ya fi son ya ɗaure shi da sharaɗin a sayi kayan ƙasarsa, a kuma ba kamfaninsa kwangila. Farashin koko ya yi ta faɗuwa, ajiyar ƙasa ta Landan ta yi ta zaizayewa. Da giɓi ya bayyana sai aka ƙara kuɗin kwastan a kan kayan da ake shigowa da su, wannan kuwa a kan mai sayen atamfa da fitila da kwano yake ƙarewa.

Akwai kuma maganar Kasuwar Tarayyar Turai, wadda ƙasashe shida suka kafa cikin 1957. Ƙasashen Afirka rainon Faransa sun shiga ƙawance da ita, kayansu na shiga da rangwame, ana kuma ba su taimako. Da Ingila ta nemi shiga, sai aka yi wa Nijeriya tayin irin wannan ƙawance. A taron Firayim Ministocin ƙasashen rainon Ingila da aka yi a Landan cikin Satumba 1962, Abubakar ya ƙi, don a ganinsa ƙasar da ta fito daga hannun Turawa jiya ba ta kamata ta koma ƙarƙashin inuwarsu ta ƙofar kasuwa ba. Tsayawar ta yi kyau, amma tana da tsada, gama kokon Badun da man gyaɗar Kano da manjan gabas sai sun biya kuɗin shiga fiye da na Kwaddibuwa da Sanagal. Ga shi kuma tun Janairu 1961 ya kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin atom a Sahara. Daga baya dole aka koma teburi, Dokta Pius Okigbo ya jagoranci neman wata yarjejeniya ta dabam wadda ba ruwanta da karɓar taimako. An sa mata hannu a Ikko cikin Yuli 1966, wata shida bayan rasuwar Firayim Minista, kuma ba ta taɓa aiki ba.

Inda lissafin gwamnati ya yi karo da na magidanci kuwa, shi ne yajin aikin 1964. Leburan gwamnati a Ikko a lokacin sule biyar da kwabo goma yake samu a yini, watau fam bakwai da sule goma sha ɗaya da 'yan kwabbai a wata. Daga ciki zai biya hayar ɗaki ɗaya a Mushin ko Ajegunle, ya sayi gari da kananzir, ya biya kuɗin mota, in baƙo ne kuma ya cire abin da zai aika wa tsofaffi a gida. Hukumar da aka naɗa a ƙarƙashin Mai Shari'a Adeyinka Morgan ta duba wannan, ta miƙa rahoto a ƙarshen Afrilu, ta ce kada a biya lebura ƙasa da fam 12 a Ikko. Gwamnati ta yi wata guda tana zaune a kan rahoton. Ran 1 ga Yuni ma'aikata suka ajiye aiki, Michael Imoudu na gaba. Jirgin ƙasa ya tsaya, Apapa ta yi tsit, gidan waya ya rufe. Gwamnati ta yi tayin fam tara da sule biyu, aka ƙi. Firayim Minista ya shiga rediyo ya ba su kwana biyu su koma, ba wanda ya motsa. Sai ran 13 ga wata aka janye, daga baya aka daidaita a kan fam 10.

A nan marigayin ya yi kuskure, kuma babu amfanin ɓoyewa. Hujjar gwamnati ita ce, ma'aikatan albashi 'yan kaɗan ne cikin mutum miliyan 55, kuma duk ƙarin da aka yi musu daga guminsu manoma zai fito. Hujjar tana da ƙarfi. Amma ba ta shiga kunnen leburan da ke ganin motocin ministoci, da alawus ɗin mota na manyan ma'aikata, da gidajen Ikoyi. Mutane suna ta maganar kashi goma cikin ɗari da ake yanka a kwangila. Shi Ministan Kuɗi kansa ya yi suna wajen ado da kece raini. Gwamnatin Tarayya ta sa hukumar Coker ta tone asirin kuɗin Jihar Yamma cikin 1962, inda 'yan hamayya ke mulki, amma ba a ga irin wannan bincike a kan nata ministocin ba. Bayan rikicin zaɓen 1964 ma sai aka ƙara yawan ministoci don a faranta wa kowane ɓangare rai. Mutumin da ya tsaya a Kaduna cikin 1950 ya ambaci cin hanci da sunansa, ga shi yanzu yana shugabantar gwamnatin haɗin gambiza wadda in ya taɓa mutum ɗaya sai ginin duka ya girgiza, jam'iyyarsa kuma ba shi ne shugabanta ba, Sardauna ne. Ya zaɓi haƙuri, haƙurin kuwa bai hana kome ba.

Shi kansa dai ko maƙiyansa ba su iya ɗora masa kwabo ba. Ya yi shekara goma sha huɗu yana minista da Firayim Minista, ga iyali mai yawa, ga 'yan'uwa da baƙi da ba sa yankewa daga ƙofar mai mulki, amma gidansa na Bauci bai fi na wani babban malamin makaranta ba. In ya sami hutu gona yake tafiya. Akwai sanannen hotonsa zaune a ƙasa da 'ya'yansa suna shan rake. Bai bar kamfani ba, bai bar jerin gidajen haya ba. Trevor Clark, wanda ya yi Di'o a lardin Bauci ya kuma san shi tun yana malami, ya rubuta babban littafin tarihinsa da aka buga cikin 1991.

Ran 4 ga Janairu 1966 ya buɗe gadar Anaca. Mako guda bayan haka ya shugabanci taron ƙasashen rainon Ingila a Ikko a kan rikicin Rodeshiya, alhali Jihar Yamma na ci da wuta. Daren 15 ga wata sojoji suka ɗauke shi daga gidansa, suka ɗauki Okotie-Eboh. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta. Aka kai shi Bauci aka binne. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Kainji bai ga ƙarshenta ba, sai cikin 1968 aka gama ta. An gina hubbare a kan kabarinsa aka buɗe cikin 1979, inda aka ajiye 'yan kayayyakinsa, jami'ar Bauci kuma ta ɗauki sunansa cikin 1988. Cikin Yuli 1979 aka sa hotonsa a takardar naira biyar. Da lissafin canjin kuɗi na 1973, naira biyu fam guda, takardar fam biyu da sule goma ce, watau ɗan fiye da albashin mako guda na leburan Ikko bayan yajin 1964.